A buɗe akwatin kwamfuta kafin a sayi diski

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi bayani a kan wani aiki da ake yawan kawo wa masu gyaran kwamfuta a nan Maradi, wato ƙara wa kwamfutar tebur wurin ajiya. Masu shagon buga takardu, masu ɗaukar hoto da bidiyon biki, masu tura wa mutane wa'azi da finafinai a waya, har da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kukansu ɗaya ne: layin diski C, wanda Windows ke zaune a kai, ya koma ja saboda cika, kwamfuta ta yi nauyi. Abin da yawancinsu ke yi shi ne su faɗa kasuwa, ko su ba mai zuwa Katsina ko Kano sautu, a sayo musu diski mafi girma da kuɗinsu ya kai. Sai an zo ɗaurawa a tarar babu inda zai zauna, ko babu kebul ɗin da zai ba shi wuta, ko ma bakinsa bai dace da na kwamfutar ba. Kayan sautu kuma ba ya komawa. Shi ya sa muke cewa a fara buɗe akwatin a ga abin da ke ciki, sannan a fitar da kuɗi.

Akasarin kwamfutocin tebur da ke hannun jama'a a garin nan haɗin kamfani ne, kuma na hannu, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso mana: Dell OptiPlex, HP ProDesk da EliteDesk, Lenovo ThinkCentre. Wanda ya ƙera su ma'aikacin ofis ya yi wa lissafi, diski ɗaya da na'urar DVD ɗaya, bai san da mai bidiyon biki ba. Girmansu iri uku ne. Akwai doguwa mai tsayuwa, wadda galibi take da gurbin babban diski mai inci 3.5 guda biyu. Akwai siririya da ake rubuta wa SFF, mai gurbin babban diski ɗaya, wani lokaci da ɗan wurin ƙaramin diski. Sai 'yar ƙarama, Micro a wajen Dell, Mini a wajen HP, Tiny a wajen Lenovo, wadda ba ta ɗaukar babban diski sam, sai ƙarami mai inci 2.5 guda ɗaya, sababbin cikinsu kuma da M.2, wani siririn allon ajiya da za mu yi bayaninsa a gaba. Lamba ɗaya tana zuwa da girman nan uku, don haka cewa "OptiPlex 7040 gare ni" bai ishi mai sayarwa ba sai an faɗa masa wacce. A jikin akwatin akwai takardar lamba. Ta Dell haruffa da lambobi bakwai ce, kuma da ita ake sauko da littafin gyaran kwamfutar kyauta daga shafin kamfanin, mai ɗauke da zanen babban allo, wato allon da komai ke jone a kansa, da sunan kowace kafa da ake cusa kebul a ciki.

Kafin a taɓa sukuru ko ɗaya, a kwafe fayilolin da ba a so a rasa zuwa wani wuri. A kashe kwamfutar, a zare kebul ɗin wuta daga bayanta, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 10 zuwa 15 domin ragowar wutar da ke ciki ta fita. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska ta bushe ƙarau, jikin mutum yana tara wutar da ke yin tartsatsi idan an taɓa ƙarfe. Wannan 'yar wutar tana iya kashe SSD, diskin zamani mai sauri marar faifai mai juyawa, ko babban allo ba tare da an ga alamar ƙuna ba. A riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin a ɗauki kowane kaya, a riƙe shi ta gefe, kada a yi aikin a kan kafet ko tabarmar roba. Da an cire murfi a ɗauki hoton ciki da waya, don a san inda kowane kebul yake. Yawancin waɗannan akwatuna ba sa bukatar sukudireba: inda aka ga roba shuɗiya a Dell, ko koriya a HP, nan ne ake ja ko dannawa. A bi fuskar gaba a hankali, robarta ta sha zafi ta bushe, kunnuwanta na karyewa.

Abu uku ake nema a ciki: gurbi, kafar SATA da babu kowa a kanta, wato inda kebul ɗin bayanan diski ke shiga allo, da bakin wuta.

Maganar gurbi ba ta da tsawo. Babban diski mai juyawa inci 3.5 ne, SSD da diskin kwamfutar hannu inci 2.5. Dell tana zaunar da diski a cikin wata shuɗiyar roba da ke zamewa cikin gurbi, kuma kwamfutocin da aka saya na hannu sukan iso babu ta biyun, sai an nemo. HP sukurori huɗu masu zoben roba take ɗaura wa diski ya zame a kan layi, a wasu samfuran ma tana ajiye na ƙari a jikin ƙarfe bayan fuskar gaba. Sukurun babban diski 6-32 ne, na ƙarami M3, kuma na babba ba ya shiga ramin ƙarami sai da ƙarfi, ƙarfin kuwa ya cinye zaren. SSD babu abin da ke motsi a cikinsa, in babu gurbi ana iya ɗaure shi da maɗaurin roba a inda ba zai tare fanka ba. Diski mai juyawa ba a yi masa haka. A kwance ko a tsaye duk yana aiki, amma dole ya ɗauru tam, don girgiza ce ke kashe shi.

Kafar SATA ƙarama ce mai haƙora 7, an rubuta SATA0, SATA1, SATA2 a gefenta a jikin allo. A ƙirga waɗanda suke a sake. Kamfani ba ya barin kebul na ƙari, kuma diski ba ya zuwa da shi, saboda haka a saya tare, mai maƙallin ƙarfe, in akwatin siriri ne a nemi mai lanƙwasasshen kai don murfi ya rufu. Ba duka kafofin ke da gudu ɗaya ba. SATA III tana kai wajen mega 600 a daƙiƙa, SATA II rabin haka. Allon da ke da guntun sarrafawa na Intel mai lamba H61 duka kafofinsa SATA II ne, mai H81 biyu masu sauri biyu marasa sauri, mai B75 ɗaya tak ce mai sauri. SSD, da ke iya mega 550, shi za a ba SATA0. Diski mai juyawa da ƙyar yake wuce mega 200, ko an sa shi a kafa marar sauri bai yi asarar komai ba.

Sai wuta, inda aka fi yin ɓarna, don haka za mu ɗan dakata a nan. A kwamfutar da mutum ya haɗa da kansa, na'urar raba wuta tana da babban filogi mai haƙora 24 da ke shiga allo, ga kuma wayoyi masu bakin SATA a rataye, kowane diski ya ɗauki nasa. Tsofaffin Dell irin OptiPlex 7010 doguwa haka suke. Daga OptiPlex 3020, 7020 da 9020 kuwa, Dell ta koma filogin kanta mai haƙora 8, daga baya mai 6. HP ta daɗe da mai 6, Lenovo tana da mai 14 da mai 10. Irin waɗannan 12V suke bayarwa, allon ne ke rage ta zuwa 5V, sannan ya tura wa diski ta wata 'yar kafa da siririn kebul mai baki ɗaya ko biyu. In bakunan nan sun ƙare, ba wani da za a samu a rataye.

Mafita ita ce ɗan kebul mai raba bakin SATA ɗaya ya zama biyu, amma da lissafi. Babban diski yana cin wat 5 zuwa 8 idan yana aiki, sai dai a daƙiƙun farko da yake tayar da faifansa yana jan kusan 2A a layin 12V, wato wajen wat 24. SSD wat 2 zuwa 4 ne, a layin 5V kawai. Na'urar raba wutar siririyar kwamfuta, mai wat 180 zuwa 255, ba za ta ji wannan nauyin ba. Abin da ke jin sa shi ne siririn kebul ɗin da 'yar kafar da ya fito daga cikinta. Babban diski ɗaya da SSD ɗaya a reshe ɗaya ba laifi. Manyan diski biyu shi ne iyaka. Mai jera rabawa a kan rabawa har diski uku ko huɗu, wata rana zai ji ƙauri. Haka nan a guji kebul ɗin da aka narka roba aka rufe kansa gaba ɗaya, musamman mai juya tsohon baki mai ramuka huɗu zuwa SATA. Wayoyin da ke cikin narkakkiyar robar sukan matso su haɗu idan sun yi zafi, kuma an san irinsa da kamawa da wuta. Mai kyau shi ne wanda ake ganin kowace waya ta shiga wurinta, da murfi a kai. Araha ba ta ado.

Wani tarko kuma: idan allon yana da kafar wuta ta biyu da babu kebul a kanta, kada a ɗauko na wata kwamfuta don kawai ya shiga. Na Dell da na HP da na Lenovo ba lallai jerin wayoyinsu ya zama ɗaya ba. In 12V ta bi layin 5V, diski ya ƙone nan take, har da abin da ke cikinsa. A nemi kebul na ainihin samfurin, ko a auna da mita kafin a jona. A kebul na gama-gari rawaya ce 12V, ja 5V, baƙa ta ƙasa, ruwan lemo 3.3V. Ita wannan ta ƙarshen tana da nata abin: wasu manyan diski na saba, wato manyan kwamfutocin ajiyar bayanai na kamfanoni, da waɗanda aka ciro daga cikin akwatin USB, ba sa tashi idan haƙori na uku ya samu 3.3V, saboda a wurinsu wannan umarnin kashewa ne. Diskin lafiyarsa lau. A ba shi kebul marar wannan waya, ko a rufe haƙori na uku da siririn salatif mai jure zafi.

A siririyar kwamfuta hanyar da ta fi sauƙi sau da yawa ita ce a sadaukar da na'urar DVD, tun da yanzu ba kowa ke amfani da ita ba. Cire ta yana ba da kafar SATA da gurbi a lokaci ɗaya. Amma in DVD ɗin siririya ce irin ta kwamfutar hannu, bakin wutarta ƙarami ne mai haƙora 6, kuma 5V kaɗai ke cikinsa. Zai ɗauki SSD ko ƙaramin diski ta hanyar wani gida mai siffar DVD da ake sa diski a ciki, ba zai taɓa tayar da babban diski ba. Gidan kauri biyu ne, milimita 9.5 da 12.7, a auna kafin a saya.

M.2 siririn allo ne da ke kwanciya kai tsaye a kan babban allo, ba kebul ba komai. Wanda aka fi samu faɗinsa milimita 22, tsawonsa 80, shi ne ake rubuta wa 2280. Kwamfutocin da suka fito kafin 2015, masu ƙwaƙwalwar Intel Core i3, i5 ko i7 na zubi na huɗu zuwa ƙasa, galibi ba su da kafarsa. Daga zubi na shida ta fara bayyana, ita ma ba a duka ba: OptiPlex 7040 siririya tana da ita, HP EliteDesk 800 G2 siririya ba ta da ita sai G3. Iri biyu ne masu kama da juna, NVMe mai tsaga ɗaya a baki, da SATA wanda galibi tsaga biyu gare shi, kuma akwai kafar da ɗaya kawai take karɓa. Littafin kwamfutar ne zai raba gardama. Gajeriyar kafar da aka ga wayoyin eriya kusa da ita ta Wi-Fi ce, ba ta diski ba. Ana cusa M.2 a karkace, a kwantar da shi, a ɗaure da ɗan sukurun M2, wanda shi ma sau da yawa sai an nemo. A wasu allunan, sa M.2 irin na SATA yana kashe ɗaya daga kafofin SATA, sai mutum ya ga tsohon diskinsa ya ɓace ya ɗauka ya mutu.

Wanda ba shi da kafar M.2 zai iya sa NVMe a kan katin da ake cusawa a kafar PCIe ta babban allo, in akwatin siriri ne da gajeren ƙarfe. Windows 10 da 11 za su gan shi a matsayin wurin ajiya, amma BIOS na tsofaffin kwamfutoci, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, ba ya iya tashi daga kansa. A ganinmu wahalar ba ta kai ba. Mai buga takardu ba zai ji bambanci tsakanin mega 550 da mega 3500 ba, sai mai yanka bidiyo.

To me za a saya? In har yanzu Windows a kan diski mai juyawa yake, sayen farko SSD ne mai giga 256 ko 512, a mayar da Windows kansa, tsohon diskin ya koma ajiya. Da kuɗi ɗaya an samu wuri an samu sauri. Mai giga 120 ya yi kaɗan yanzu, sabuntawar Windows da manhajoji biyu uku za su cika shi, SSD kuma yana son a bar masa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a sake. Mai tara bidiyo ya ƙara babban diski na tera 1 zuwa 4, don har gobe shi ya fi araha a kowace giga. Mai Micro ko Tiny da ba shi da kafar M.2 a sake ba shi da zaɓi sai ya musanya na ciki da wanda ya fi girma. Wani zai ce ai tsohuwar kwamfuta ce, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance sai daga zubi na takwas. Gaskiya ne, amma diskin SATA ba ya mutuwa tare da kwamfuta, ana ciro shi a kai wa ta gaba.

Masu kwafe manyan fayiloli kullum su lura da wani abu da ba a rubutawa a fili a jikin diski. Akwai masu rubutu irin na SMR, inda layukan ke hawa kan juna don a samu wuri. Karatunsu lafiya, amma idan aka zuba musu giga ɗari biyu a tashi ɗaya, sai gudun ya faɗi ƙasa warwas. Seagate ST2000DM008 da WD20EZAZ, masu tera 2, irinsu ne. ST1000DM010 da WD10EZEX, masu tera 1, na CMR ne, ba su da wannan hali. A karanta lambar samfurin, a duba ta a shafin kamfanin. A kuma kiyayi diskin SAS da ke fitowa daga tsofaffin saba, mai girma da araha. Bakinsa a haɗe yake babu tsaga tsakanin wuta da bayanai, kebul ɗin SATA ba ya shigarsa.

Diskin da aka riga aka yi amfani da shi ba a sayensa da ido. A jona shi a gaban mai sayarwa, a buɗe CrystalDiskInfo, manhaja ce ta kyauta. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja a bar shi. Kada a tsaya a launi kawai, a duba layi na 05, na C5 da na C6, masu ƙirga wuraren da suka lalace a fuskar faifan. In ainihin adadinsu ba sifili ba ne, diskin ya fara tafiya, kuma ba ya dawowa. Layi na 09 sa'o'in aiki ne. Shekara sa'a 8760 ce, ke nan diski mai sa'a 40,000 ya yi sama da shekara huɗu da rabi a kunne. Ana iya goge wannan lissafin, don haka diskin da takardarsa ta nuna tsohuwar shekara amma yana nuna sa'a goma, abin zargi ne. Ga SSD marar suna mai arahar da ta wuce hankali, H2testw ce alƙali: tana cika shi da bayanai ta sake karantawa, ta tona mai giga 64 da aka shirya ya riƙa cewa shi tera 1 ne. Amma diskin tera 1 da Windows ya nuna giga 931, ko na 500 da ya nuna 465, ba cuta ba ce. Kamfani da dubu yake ƙirga, Windows da 1024.

Ɗaurawar kanta minti goma ce. A zaunar da diski, a jona kebul biyu ba tare da tilastawa ba, bakin SATA ta fuska ɗaya kawai yake shiga kuma robarsa na karyewa. A kau da wayoyi daga fanka, a rufe, a kunna a shiga BIOS: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo. In sunan sabon diskin bai fito ba, a Dell a duba ƙarƙashin Drives, domin kowace kafa tana da akwatin da ake sa wa alama, kuma ofisoshi kan kashe waɗanda ba sa amfani da su. A tabbatar diskin Windows ne farko a jerin tashi, musamman in sabon na hannu ne mai tsohon Windows a ciki. Wurin da aka rubuta RAID On da AHCI a bar shi yadda aka same shi. Canza shi a kan Windows da ke aiki yana kawo shuɗin sikirin mai cewa INACCESSIBLE BOOT DEVICE, maganinsa a mayar da shi yadda yake. Wanda diskinsa ke kulle da BitLocker ya rubuta lambobin ceto 48 a takarda kafin ya taɓa BIOS.

Windows ya tashi, an duba ba a ga diski ba. Ba a shirya shi ba ne kawai. A danna maɓallin Windows da R, a rubuta diskmgmt.msc. Tun da kwamfutocinmu da yawa da Faransanci suke, abin da zai buɗe shi ne «Gestion des disques», ya nemi a yi «Initialiser le disque». Zai ba da tsarin raba diski iri biyu, GPT da MBR, a zaɓi GPT. MBR ba ya ganin abin da ya wuce tera 2, mai diskin tera 4 da ya zaɓe shi rabi zai samu. Daga nan a danna dama a kan baƙin layin «Non alloué», a ɗauki «Nouveau volume simple», a ba shi harafi, a zaɓi tsarin ajiye fayil na NTFS, ba na FAT32 ba. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, bidiyon biki ɗaya ya fi haka. Sabon diski fomatin mai sauri ya ishe shi. Na hannu a cire alamar «formatage rapide» a bar shi ya bi faifan duka, zai ci sa'a biyu ko uku a tera 1, amma zai fallasa wuraren da suka lalace. A dubi girman diski sau biyu kafin a danna, don fomatin ba ya tambayar ko wannan ne ake nufi.

Sabon diski ba ya ƙara wa C girma, D ko E yake zama, kuma in ba a karkatar da kaya can ba C zai ci gaba da cika. A buɗe folda a D, misali D:\Bidiyo, a danna dama a kan «Vidéos», a shiga «Propriétés», «Emplacement», «Déplacer», a nuna ta. Haka za a yi wa «Téléchargements», «Documents» da «Images», kowace da foldarta. Kada a nuna D ɗin kansa babu folda, warware wannan rikici yana da wuya. Haɗa diski biyu su zama harafi ɗaya kuma ba mu ba da shawara ba, in ɗaya ya mutu kayan duka biyun sun tafi.

Mayar da Windows kan SSD hanya biyu ce. Ko a kwafe diskin gaba ɗaya da Clonezilla ko manhajar da kamfanin SSD ɗin ke bayarwa, da sharaɗin kayan da ke tsohon ba su fi girman sabon ba. An gama, a kashe, a zare tsohon, a sa SSD a SATA0, a tayar da shi shi kaɗai. In an bar su tare Windows yakan ga shaida iri ɗaya a diski biyu ya sa ɗaya «Hors connexion». Sai an yi kwanaki ana aiki lafiya sannan a goge tsohon. Ko kuma a sa sabon Windows, wanda ya fi tsabta, amma a zare duk sauran diski tukuna. In ba haka ba, mai sakawar yakan ajiye ɓangaren tashi a tsohon diski, ranar da aka cire shi kwamfuta ta ƙi tashi alhali Windows yana nan a SSD.

Diskin da ke ɓacewa ya dawo, ko kwafi ya riƙa tsayawa, a duba layin C7 a CrystalDiskInfo. In adadin yana hawa, kebul ne ko kafa, a canza su kafin a zargi diski. Wanda ke ƙas-ƙas yana tashi yana mutuwa, a gwada shi shi kaɗai a wani bakin wuta. In ya daina, wuta ce ba ta isa ba. In ya ci gaba, a kwashe abin da za a iya kwashewa a ranar.

Zafin Afrilu da Mayu a Maradi yana haura digiri 40 a inuwa, cikin siririn akwati mai diski biyu kuwa ya fi haka nesa. Masu ƙera diski mai juyawa galibi 60 suke sawa iyaka, SSD 70, amma wanda ke zama sama da 50 kullum ba ya daɗewa. A ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a bar tazara tsakaninta da bango, kada a lulluɓe ta da zane tana aiki. Bayan hazo ya wuce a fitar da ita waje a busa da na'urar hura iska, a riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa. Ɗaukewar wuta kuma tana lalata fayil ɗin da ake cikin rubutawa, wani lokaci har da teburin da diski ke gane kayansa da shi, kuma SSD mai araha ya fi saurin cutuwa. UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, mai 650VA ya ishi siririyar kwamfuta da sikirinta 'yan mintocin da za a adana aiki a kashe. Masu shagon buga takardu kada su jona firinta mai leza a kansa, na'urar ɗumama tawadarta tana jan wutar da ta fi ƙarfinsa.

Diski na biyu a cikin akwati ɗaya ba madogara ba ne. Rumbu biyu ne a gida ɗaya, gobara ɗaya ke cinye su: hawan wuta, ɓarawo, ko cutar da ke kulle fayiloli duk tare suke ɗaukarsu. Aikin mutane da hotunan bikinsu su samu kwafi a diskin USB da ake jonawa a kwafa a zare a ajiye wani wuri. A jona shi a shuɗiyar kafa ta USB 3.0, wadda a tsofaffin kwamfutoci sau da yawa a baya take. A baƙar kafa ta USB 2.0, da ke tafiyar wajen mega 35 a daƙiƙa, kwafe giga 500 zai ci kusan sa'a huɗu. Tsohon diskin da za a sayar ko a bayar kuma, a yi masa cikakken fomatin tukuna, domin mai sauri ba ya goge komai, kuma takardun mutane da hotunan iyalinsu suna dawowa da manhajar kyauta.

Mun gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran kwamfuta,
Maradi, Jamhuriyar Nijar.